MAIJEGO DA ZUBAR NONO

Yau maganarmu da masu jego ce, amma ina roƙon kakanni da ungozomai da masu gida su ma su kasa kunne, gama sau da yawa maijego ba ta da ta cewa, abin da manya suka ce shi za ta yi.

Da wuya mako ya wuce ba a zo mana ɗakin magani da wannan kuka ba. Mace ta haihu lafiya, an yi suna, amma nono yana ta zuba. Ta farka da dare ta iske tabarma a jiƙe. Tana ba jariri wannan, wancan yana tsiyaya. Wata ma ba jaririnta ne ya yi kuka ba, na maƙwabta ne, sai ta ji riga ta jiƙe. Daga nan tsoro ya shiga: ko ciwo ne, ko nonon zai ƙare yaro ya rasa abin sha, ko kuwa mugun nono ne. To, ba ko ɗaya. Bari in gaya muku yadda abin ya ke.

Kwana 2 ko 3 na fari bayan haihuwa, abin da ke fitowa dakashi ne, mai kauri, rawaya-rawaya, kaɗan kuwa. Kada a tatse shi a zubar. Shi ne rigakafin jariri na fari, kuma cikinsa a ranar da aka haife shi bai ɗauki abin da ya fi ƙaramin cokali da yawa ba. Wajen kwana na 3 ko na 4 sai ruwan nono ya kawo da ƙarfi. A wannan lokaci jikin uwa bai san iyakar cin yaron ba tukuna, sabo da haka ya kan yi fiye da bukata. Abin da ya yi yawa kuwa tilas ya nemi hanya.

Akwai kuma wani sinadari da likitoci ke kira oksitosin, wanda ke fitowa daga wata 'yar kaluluwa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Sa'ad da jariri ya kama nono, sai wannan sinadari ya shiga jini, ya matse 'yan jakunkunan da ruwan nono ke taruwa a ciki, ya turo shi waje. Jini kuwa ba ya zaɓen gefe, shi ya sa duka biyu su ke kawowa tare. Jin kukan yaro, ko tuna shi kawai, ko ɗumin ruwan wanka, duk suna iya tā da shi. Shi ne kuma ke matse mahaifa, watau dalilin ciwon marar da maijego kan ji in tana shayarwa a kwanakin fari ke nan. Tun shekarar 1953 wani masani a Amurka, Vincent du Vigneaud, ya iya harhaɗa irinsa, kuma shi ne allurar da a kan yi wa mace a asibiti bayan haihuwa don tsai da jini.

Game da tsoron ƙarewa, ku sani nono ba tulu ba ne da za a ce in ya yi yoyo ya ƙare. Ya fi kama da rijiya, ana ɗiba tana kawowa. In yaro ya yi wata guda, uwa ta kan yi masa kimanin kashi uku cikin huɗu na lita kowace rana, abin da ya ɗiga a riga bai rage masa kome ba. Wadda nata ba ya zuba kuma kada ta ce ba ta da nono. Halitta ce ta bambanta. Ma'aunin ƙoshin jariri shi ne fitsarinsa da nauyinsa: in ya wuce kwana 5 yana fitsari sau 6 ko fiye a yini da kwana, nauyinsa kuma yana ƙaruwa a sikeli, to yana samu. Ga yawancin mata zubar ta kan ragu da kanta bayan arba'in zuwa wata 2 ko 3. Waɗansu ta kan daɗe fiye da haka, ba laifi.

Babban magani shi ne a ba yaro ya sha. Sabon jariri yana bukatar nono sau 8 zuwa 12 a yini da kwana, kada a jira sai ya yi kuka ya gaji. In kin ga yana tsotsar hannu, yana juya kai yana nema, ɗauke shi. A nan ina da magana da iyayenmu mata. Na san al'adar kunyar ɗan fari, ban kuwa raina ta ba. Amma na sha ganin yarinya zaune cikin 'yan barka, riga a jiƙe, nono ya cika tam, jariri yana hannun wata, ita kuwa kunya ta hana ta ce a miƙo shi. Ku ne za ku sauwaƙe mata. Ku ɗauki yaron ku kai mata ɗaki, ku saki labule.

In kin ji nono zai kawo a inda ba dama, sai ki rungume hannuwanki a ƙirji, ki danne kan nonon da ɗan ƙarfi kamar minti guda, zai tsaya. Wannan dabarar cikin mutane ce kawai. In nonon ya cika ya yi tauri, kada ki yi ta danna, shayarwa ya ke so.

Ki nemi tsohon zanen auduga mai laushi, ki yayyanka shi ƙyalle-ƙyalle kamar tafin hannu, ki linka ki sa cikin riga. Da ya jiƙe ki sake wani. A wanke da sabulu, a ɗauraye sosai, a shanya a rana a kan igiya, ba a ƙasa ba. Kada ki sa leda don kāre riga. Leda tana riƙe laima da zafi, kan nono ya yi laushi ya tsattsage, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa. Da dare shimfiɗa zane mai kauri a ƙarƙashinki. Kan nono ba ya bukatar a dirje shi da sabulu, ruwan wanka ya isa, sa'an nan a bar shi ya sha iska. Toka da saiwa da sauran shafe-shafe, a bar su, gama bakin jariri za su.

Wadda nata ke zuba da yawa tana iya tara wankakken kofi a ɗaya gefen sa'ad da yaro ke sha. A rufe shi a ajiye a inuwa, a ba yaro da ƙaramin kofi ko cokali in uwa ta fita. Kada ya wuce sa'a 4, da bazara ma gara tun kafin haka. In kuwa nono yana fesowa har yaro ya ƙware, ki cire shi, ki bar ƙarfin ya zuba a ƙyalle, sa'an nan ki kishingiɗa ki ɗora shi bisa ƙirjinki ya ci gaba.

Yanzu ga inda ɓarna ta ke. An taɓa kawo mini wata maijego, kwananta 12 da haihuwa, jiki zafi rau, tana rawar ɗari. Da ungozomarmu ta duba, sai ta iske an ɗaure ƙirjin tamau da ɗankwali har ya yi shata, wai don a tsai da zuba, jariri kuwa an koma ba shi ruwa da madarar gwangwani. Nono ɗaya ya kumbura ya yi ja, yaro ga zawo. Ɗauri ba ya hana zuba, toshe hanyoyin nono ya ke yi. Haka kuma tatse nono ƙaƙaf kowane lokaci, ƙara shi ya ke yi, domin jiki zai ɗauka yaro ne ya shanye. In ya cika har yaro ya kasa kamawa, tatsi kaɗan da hannu mai tsabta, iyakar ya yi laushi. Kada a murje shi da ƙarfi, kada a gasa shi da tafasasshen ruwa wajen wankan jego. Ƙyalle mai ruwan sanyi bayan shayarwa ya fi rage kumburi. Ruwan sha kuma, jariri ba ya bukatarsa ko da bazara, gama ruwan nono kusan kashi 9 cikin 10 ruwa ne. Tun shekarar 2001 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce nono zalla har wata 6.

Maigida, ga abin da in ka gani za ka kawo ta ɗakin magani ba jinkiri: zazzaɓi da rawar ɗari, wani gefen nono ya yi zafi ya yi tauri yana zogi har kwana guda bai sauka ba, mugunya ko jini daga kan nono, ko tsagewar da ta hana ta shayarwa. Kafin ku iso ta ci gaba da ba yaro, har da gefen mai ciwon, nonon bai lalace ba. In aka yi sakaci ya zama maruru, sai an tsaga. Macen da ba ta da ciki, ba ta goyo, ta kuwa daɗe da yaye, in ta ga ruwa yana fita daga nononta, wannan wata magana ce dabam, lalle likita ya gan ta.

Saura abu guda. Jaririn kansa, mace ko namiji, nononsa ya kan ɗan kumbura a makon fari, har ya fid da farin ruwa. Sinadarin uwa ne da ya rage a jikinsa, zai baje da kansa cikin 'yan makonni. Kaka, don Allah kada a matsa, matsawar ce ke jawo ƙurji. In wurin ya yi ja, ko yaron ya yi zazzaɓi, a kawo shi ranar nan.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan kula da cibiyar jariri. A huta lafiya.