Bayan an cire haƙori

Haƙorin yarinta yana faɗuwa da kansa, wani ya tsiro a wurinsa. Amma haƙorin girma, idan ya ruɓe har saiwa, sai likita ya cire shi. Wani lokaci turmin baya yakan maƙale cikin ƙashi. To, sai an tsaga dasashi, a fitar da shi, a ɗinke. Mutumin Madarunfa yakan tafi Maraɗi don irin wannan aiki, tafiyar wajen kilomita 20. Aikin likita ba ya daɗewa. Sauran jinya a gida ake yin ta.

Inda aka cire haƙori, rami ne ya rage. Jini yana cika ramin, ya daskare, ya zama guda. Wannan gudan jini shi ne murfin ramin. Yana rufe ƙashi, kuma a ƙarƙashinsa sabon nama yake tsirowa. Shi ya sa likita yake ɗora auduga a wurin, ya ce a cije ta har minti 30.

Ranar farko, duk hankali yana kan murfin nan. Ba a kurkure baki. Ba a yawan tofar da yawu. Ba a tsotsar kome, ba a shan taba. Harshe yana son zuwa wurin, kamar akuya da rumbu, amma sai a hana shi. Yaro ba zai yi ƙwallo ba, ba zai ja guga ba, don aikin ƙarfi yana tada jini. In zai kwanta, a ɗaga masa kai da matashi. Leɓe kuma yakan mutu na ƴan awoyi saboda allura. A kula kada a cije shi.

Abinci sai mai laushi: kunun da ya huce, fura da nono, tuwo da miyar kuka. A tauna ta ɗaya gefen. Goro, rake, ƙuliƙuli da gyaɗa su jira mako guda. Kifin tabkin Madarunfa yana da daɗi, amma ƙaya ɗaya ta isa ta tone ramin.

Kashegari a zuba gishiri rabin ƙaramin cokali cikin kofin ruwan ɗumi. A kurkure a hankali bayan kowane abinci. A goge sauran haƙora da asuwaki ko buroshi, ban da wurin ciwon. Kumatu yakan kumbura kwana 2 ko 3, sannan ya saɓe. Tsumma mai sanyi yana rage kumburin. Don zafi, a sha maganin da likita ya rubuta. Asfirin yana hana jini daskarewa, bai dace ba. Wasu suna cusa garin taba ko kanwa cikin ramin. Wannan ƙona nama kawai yake yi.

Idan murfin ya fita, ƙashi yana zama a fili. Bayan kwana 3 ko 4 sai zafi ya tashi har kunne, baki ya yi wari. A koma wurin likita. Haka kuma idan jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya zo, ko haɗiya ta gagara, kada a jira gari ya waye.

Dasashi yana haɗewa cikin mako 2. Ƙashi kuwa sai ya yi watanni kafin ya cike ramin.