Ƙwallon Masu Ƙafa Ɗaya da Wahalar da Jiki Yake Sha

Ƙwallon ƙafa na waɗanda aka yanke wa gaɓa ya samo asali ne a birnin Siyatul na Amurka, inda wani mai suna Don Bennett, wanda ya rasa ƙafarsa a haɗarin jirgin ruwa, ya fara shi a farkon shekarun 1980. A Afirka ta Yamma kuwa yaƙin basasar Saliyo da na Laberiya ne suka ba shi gindin zama, saboda yawan matasan da suka fito daga yaƙin da dungu. A Firitawun aka yi gasar Afirka ta farko a 2007, Gana ce kuma ta ci kofin. Ta sake ɗaukarsa a Tanzaniya a 2021, da kuma Masar a 2024. Nijeriya ta fara halartar gasar duniya a Meziko a 2018, shekarar da Angola ta zama zakara. Ke nan mazaunin Zangon Lome yana zaune ne tsakanin ƙasashe biyu masu ƙarfi a wannan wasa, ɗaya ma iyakarta ta Aflao tana bakin gari.

A waɗannan ƙasashe ba yaƙi ne yake cin ƙafafu ba. Haɗarin mota da na babur ne, wato zemijan a Lome ko acaɓa a Kano, sai ciwon suga, sai kuma ɗorin da aka ɗaure tamau har jini ya daina gudana, gaɓa ta ruɓe. Likitocin ƙashi a Arewacin Nijeriya sun daɗe suna kuka da wannan na ƙarshe, musamman a kan yara.

Dokokin wasan su ne suke fayyace inda nauyi zai sauka. Kowane ɓangare yana da mutum 7: shida masu ƙafa ɗaya, sai mai tsaron gida mai hannu ɗaya. Ana yin minti 25 sau biyu a fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 40, babu kuma satar gida. Ba a shiga da ƙafar roba. Sanduna biyu ake riƙewa, irin masu maɗauri a damtsen hannu, kuma duk wanda ya taɓa ƙwallo da sanda da gangan, hukuncinsa ɗaya da wanda ya sa hannu. Haka ma dungu, ba a wasa da shi.

A nan ne wahalar take. Mai ƙafa biyu idan zai yi bugu, yakan dogara a kan ɗaya, ya buga da ɗayar. Mai ƙafa ɗaya ba shi da ta dogarawa. Sai ya kafa sandunan biyu a ƙasa, ya ɗora nauyin jikinsa kacokan a kan hannuwa, ya lilo ƙafar ta bugi ƙwallo, sannan ya sauka a kan ita wannan ƙafar dai. Gudu ma haka yake: hannu, ƙafa, hannu, ƙafa. To, ba a halicci kafaɗa da wuyan hannu don ɗaukar mutum ba. Shi ya sa ciwon da 'yan wasa suka fi sabawa da shi yake a sama: tafin hannu ya yi bororo, daga baya ya yi kanta, mariƙin sanda ya danne jijiyar wuyan hannu har yatsu su riƙa mutuwa, jijiyoyin kafaɗa su kumbura. Mai kallo idonsa yana kan ƙafar da babu, alhali hannuwan da yake gani lafiyayyu su ne suke cin wuya.

Ita kuma ƙafar da ta saura tana aikin biyu. Gwiwa da idon sawu su ne suke karɓar kowace sauka da kowane juyi. Likitoci sun san cewa ko ba a wasa, gwiwar da ta rage wa mai dungu ta fi saurin sanyin ƙashi. Targaɗen da zai zaunar da wani ɗan ƙwallo mako biyu yana ɗingishi, shi wannan kwantar da shi zai yi gaba ɗaya, domin ba shi da wata ƙafar da zai yi ɗingishi da ita. In da ita yake neman abinci, to sana'ar ma ta tsaya.

Akwai kuma ciwon dungu, wanda iri biyu ne, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Na farko a naman yake: jijiyar da aka yanke takan yi ƙulli a bakinta, in an faɗi a kansa ko ƙwallo ta buge shi, zafin kamar wutar lantarki. Na biyu shi ne jin ciwo a gaɓar da aka riga aka cire. Mutum ya ji yatsun da babu su suna zogi ko ƙuna. Fiye da rabin waɗanda aka yanke wa gaɓa sukan gamu da wannan. Ba iska ba ce, ba kuma taɓin hankali ba. Ƙwaƙwalwa da laka ne suke riƙe da taswirar jiki ta dā, suna ci gaba da aika saƙo. Gajiya da damuwa sukan tayar da shi, don haka yakan zo da dare bayan an tashi wasa.

Mai tsaron gida nasa daban ne. Hannun da aka yanke a cikin riga yake, ba ya kuma fita daga da'irarsa. In ya yi tsalle ta ɓangaren dungu, babu tafin da zai tare ƙasa, kafaɗa da haƙarƙari ne suke sauka.

Fili da kayan aiki suna ƙara abin ko su rage shi. A kan ciyawa mai laushi faɗuwa da sauƙi. A kan jar ƙasa mai tsakuwa robar gindin sanda takan cinye da wuri, sandar ta zame ko ta lanƙwashe ana tsaka da gudu. Sandar da ta ɗara mai ita tsawo ko da kaɗan takan ɗage kafaɗa, gajera kuma ta sunkuyar da baya. Auna sanda da gyaran dungu aikin gwanaye ne, Lome kuwa tana da su: akwai cibiyar ƙasa ta haɗa gaɓoɓin roba, CNAO, da makarantar ENAM, wadda take horar da masu wannan sana'a daga ƙasashen Afirka da dama masu amfani da Faransanci. A Kano, Asibitin Ƙashi na Dala ne yake irin wannan aiki. Ita dokar wasan ma ta san da gajiyar, domin ta bar ƙofar canjin 'yan wasa a buɗe, wanda ya fita ya huta yana iya komawa fili.