Abin da Sikeli Ba Ya Aunawa: Tantance Jinkirin Bunƙasar Yara a Ƙonni da Malbaza da Illela

Awon yara ya daɗe da zama sananniyar al'ada a cibiyoyin lafiya na gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, inda uwa kan kawo ɗanta a zura shi cikin ɗan wandon sikeli a rataye, a zagaya masa zare mai launi uku a dantse, sannan a rubuta abin da aka samu cikin karne, wato ɗan littafin lafiyar yaro. Wannan aiki ya ceci rayuka masu yawa, domin da shi ake gane tamowa tun ba ta ci ƙarfin yaro ba: idan kaurin dantse ya gaza milimita 115 zaren ya faɗa a ja, an san tamowar ta yi tsanani, sai a fara ba da magani nan take. Sai dai sikeli da zare girman jiki kaɗai suke aunawa, alhali kuwa akwai wani girman da ba ya hawa sikeli, wanda shi ne ke nuna ko yaro yana ji, yana gani, yana gane fuskar uwarsa, kuma ko ƙafarsa da bakinsa za su buɗe a kan kari.

Wannan girma na biyu shi masana lafiyar yara ke kira bunƙasa, wato yadda yaro ke samun sababbin iyawa bi da bi tun daga haihuwa. Sukan dube ta ta fuskar motsin manyan gaɓoɓi kamar zama da rarrafe da tafiya, da aikin yatsu da idanu, da ji da magana, da kuma mu'amalar yaro da mutane. Ana cewa yaro yana da jinkirin bunƙasa ne idan ya wuce lokacin da kusan duk tsararrakinsa suka sami wata iyawa shi bai same ta ba, idan kuma abin ya shafi fuskoki biyu ko fiye akan kira shi jinkiri na gaba ɗaya. Tantancewa kuwa gajeren bincike ne da ake yi wa dukan yara, har da waɗanda ba a kawo su don wani ciwo ba, kuma aikinta irin na rariya ne, ta ware tsaki daga gari. Yaron da ya maƙale a rariyar ba a yanke masa hukuncin cewa yana da naƙasa ba, abin da aka gano kawai shi ne yana bukatar a sake dubansa da kyau, kuma ma'aikacin jinyar da ya kasa riƙe wannan bambanci zai iya jefa gida guda cikin fargabar da ba ta da dalili.

Babbar tambaya a nan ita ce yaushe ake cewa yaro ya makara, tun da ko a cikin gida ɗaya akan sami wanda ya yi tafiya da wata tara da wanda sai da ya shekara da watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara 816 a ƙasashen Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ta wallafa sakamakon a shekarar 2006, inda ta nuna cewa kowace iyawa tana da faffaɗan lokaci. Yara masu ƙoshin lafiya sun zauna ba tare da jingina ba tsakanin kusan wata 4 da wata 9, sun yi rarrafe tsakanin wata 5 da wata 13 da rabi, sun kuma yi tafiya su kaɗai tsakanin wata 8 da kusan wata 18, har ma an sami kimanin kashi 4 cikin 100 da ba su yi rarrafe ba sam, suka tashi suka kama tafiya. Amfanin waɗannan alƙaluma ga ma'aikacin jinya biyu ne: suna ba shi hujjar kwantar da hankalin uwar da kishiyoyi suka dame ta da gori don ɗanta ya shekara bai taka ba, suna kuma hana shi sallamar yaron wata goma da har yanzu wuyansa ke langaɓewa da cewa ai kowane yaro da lokacinsa. Bakwaini kuma ana rage masa makonnin da ya rage a ciki kafin a kwatanta shi da tsararrakinsa, har ya cika shekara biyu.

Alamomin da ba a jinkirta musu ba su da wuyar riƙewa. Jaririn da ya kai wata uku ba ya murmushi ga mai yi masa wasa, ko ba ya firgita da ƙara mai ƙarfi, da yaron da ya shekara ba ya gwaranci kuma ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, da wanda ya kai wata 18 ba tafiya ba kalma ko ɗaya, da ɗan shekara biyu da ba ya haɗa kalmomi biyu, duk suna bukatar bincike. Wanda ya fi kowa bukatar gaggawa shi ne yaron da ya iya wani abu sannan ya rasa shi, ko watanninsa nawa ne.

Dalilan da ke haddasa jinkiri a wannan yanki sanannu ne ga duk wanda ya yi aiki a cibiyar lafiya ta karkara, kuma akasarinsu ana iya kauce musu. Fiye da kashi 40 cikin 100 na yaran Nijar 'yan ƙasa da shekara biyar tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda daɗaɗɗen ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma ƙwaƙwalwa tana cikin abin da wannan rashi ke taɓawa, musamman idan ƙarancin jini ya haɗu da shi. Zazzaɓin cizon sauro mai kai yaro ga jijjiga da suma yakan bar tabo a ƙwaƙwalwa, sanƙarau kuwa, wanda Nijar ke tsakiyar yankinsa kuma ya kama mutane fiye da 8,000 a annobar 2015, yakan tafi da jin yaro ba tare da kowa ya lura ba sai lokacin magana ya zo shiru. Haka nan doguwar naƙuda da jariri ya fito bai yi kuka da wuri ba, da shawarar jarirai mai tsanani, da gishirin da ba shi da sinadarin ayodin, da kwallin dutse da ake ranbaɗa wa jarirai wanda sau da yawa yake ɗauke da dalma. Ɓarnar dalma ba baƙon labari ba ne a ƙasar Hausa, tun bayan da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. A duniya baki ɗaya, mujallar Lancet ta ƙiyasta a 2016 cewa yara miliyan 250 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki suna cikin haɗarin rashin kai wa matakin bunƙasar da ya kamace su.

Ma'aunan tantancewa da suka yi suna an ƙirƙire su ne a wasu wurare, kamar gwajin Denver da ya fito a Amurka a 1967, wanda a cikinsa ake sa yaro ya jera ƙananan katakai ko ya yi zane da fensir. Yaron garuruwan wannan yanki, kamar Tsarnawa ko Badagishiri, da bai taɓa riƙe fensir ba zai iya faɗuwa wannan gwaji alhali lafiyarsa ƙalau, ga shi kuwa ya iya tsince tsakuwa daga wake yana kwaikwayon yayarsa. Wannan matsala ce ta sa masu bincike a Malawi suka tsara nasu ma'aunin mai abubuwa 136, wanda aka wallafa a 2010, suka gina shi a kan kayan da yaran ƙauye suka saba da su, kuma darasin da ke ciki ya shafi wannan yanki kai tsaye. Ma'aikaciyar jinya tana iya zuba 'yan tsakuwoyi a gwangwanin tumatir ta toshe bakinsa, ta tsaya bayan yaro yana kan cinyar uwarsa, ta kaɗa ta gefen kunnen dama sannan na hagu, ta ga ko zai juyo. Tana iya rufe cokali da gefen zane a gaban idon ɗan wata tara ta ga ko zai yaye zanen ya nema, ko ta ajiye ɗan guntun ƙosai a tafin hannunta ta lura ko da yatsu biyu zai ɗauka ko kuwa da dunƙulen hannu. Duk wannan ba ya cin fiye da 'yan mintuna, kuma ba ya bukatar lantarki.

Abin da ya fi gwajin wuya shi ne tambaya, domin a nan ne al'ada ke shigowa. Yarinyar da ta zo da ɗan fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa saboda kunya, da wuya ta buɗe baki gaban jama'a ta ce tana yi masa wasa yana dariya, sai dai ta sunkuyar da kai ta ce lafiyarsa lau, kuma wanda bai san wannan ɗabi'a ba zai ɗauka uwar ce ba ta kula. Sau da yawa kaka ko 'yar raino ta fi uwar sanin abin da yaron ya iya, musamman a gidajen da maigida ya tafi ci-rani Abijan ko Nijeriya ya bar wa mace noma da surfe da ɗiban ruwa. Tambayar da ake amsawa da e ko a'a ba ta da wani amfani sosai, domin ladabi yakan sa a ce e, shi ya sa ya fi dacewa a ce wa uwa ta faɗi yadda yaron ke yi idan yana son ruwa, ko abin da yake kiran kakarsa da shi. Sannan akwai ƙiwa, wadda ke sa yaro ya ƙanƙame uwarsa ya ƙi yin komai gaban mai farar riga. Abin da ya kamata a sani shi ne ƙiwar kanta, idan ta bayyana wajen wata takwas ko tara, shaida ce cewa yaron ya bambance nasa da baƙo.

Akwai kuma giɓin lokaci, wanda bisa dukan alamu shi ne babban raunin tsarin. Allurar rigakafi ce ke kawo mafi yawan mata cibiyar lafiya, kuma akasarin ranakunta sun taru ne a farkon rayuwa, wato ranar haihuwa, da mako 6 da 10 da 14, sai ta ƙyanda a wata tara, daga nan ƙafa kan ɗauke, alhali tafiya da magana, waɗanda a kansu jinkiri ya fi fitowa fili, galibi a shekara ta biyu suke zuwa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma a wata 9 da 18 da 30 ta ajiye nata lokutan tantancewa. Ba lallai sai an ƙirƙiro sabon shiri don cike wannan giɓi ba, tun da kowace damina, daga Yuli zuwa Oktoba, masu rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro suna ganin yara 'yan wata 3 zuwa 59 sau ɗaya a wata, ga kuma wakilan lafiya na ƙauye da suka san kowane gida. Yaran da ke karɓar abincin tamowa duk mako su ne ma suka fi kowa haɗari, kuma suna hannu.

Akan yi ƙorafi, kuma ƙorafin yana da nauyi, cewa babu amfanin gano matsalar da ba a da wurin kai ta, domin masu gyaran magana da masu auna ji ba su da yawa a ƙasar, akasarinsu kuma suna Yamai, fiye da kilomita 400 daga Ƙonni. Duk da haka hanyar ba a toshe take ba. Akwai asibitocin gunduma da babban asibitin Tawa, akwai asibitin Galmi da ke cikin gundumar Malbaza, wanda ke aiki tun 1950 kuma yana da sashen motsa gaɓoɓi, akwai asibitin yara na CURE a Yamai mai gyaran murɗaɗɗiyar ƙafa da makamantanta, mutanen bakin iyaka kuma sun saba zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Wani ɓangare mai yawa na maganin ma a tsakar gida yake. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika an riƙa ziyartar yara masu tsumburewa mako-mako har shekara biyu, daga 1986, ana koya wa iyaye mata wasa da hira da su da kayan wasa na gida, kuma da aka sake bibiyarsu bayan shekara ashirin sai aka tarar abin da suke samu ya ɗara na waɗanda ba a yi wa ziyarar ba da kusan kashi 25 cikin 100. Uwa da ke yi wa goyonta magana tana daka, tana faɗa masa sunan turmi da taɓarya da akuya, wannan aikin take yi.

Yadda ake sanar da iyaye shi ma aiki ne mai zaman kansa, domin a wuraren da ake danganta irin wannan lalura da iskoki ko baki, ko ake ɗora wa uwa laifi, kalma guda da aka faɗa da ƙarfi a layin awo tana iya sa a ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki. Ya kamata a keɓe uwar, a fara da abin da yaron ya iya, a faɗi abin da ake son sake dubawa da ranar dawowa, a kuma rubuta shi cikin karne don wanda zai gan shi nan gaba ya san inda aka kwana.

Tun shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a cibiyoyinta. Saboda haka uwar da ta ga ɗanta ya kai wata tara bai zauna ba, ko ya kai wata 18 bai taka ba kuma bai ce uffan ba, ta ɗauki karnensa ta kai shi cibiyar lafiya mafi kusa ko da jikinsa ba zafi, ma'aikacin jinya kuma, bayan ya sauke shi daga sikeli, ya tambaye ta abin da yaron ya iya.