Ba Kowace Bola Ce Taki Ba

Wanda ya tashi a ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano ba sai an ba shi labarin jakan rani ba. Da sassafe su shiga birni da itacen girki, kafin azahar su fito da mangala shaƙe da toka da kashin awaki da sharar tsakar gida, a je a zube su tsibi-tsibi a gona a jira damina. Wani Baturen Ingila masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi nazarin wannan yanki a shekarun 1960, kuma abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda jama'a masu yawa haka suke nome gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba, kuma ba ta mutu ba. Wani ɓangare na sirrin yana cikin mangalar nan. Birni ya ci abin da gona ta ba shi, ya mayar mata da ragowar.

Abin da ya sa wannan ciniki ya yi albarka shi ne irin sharar wancan zamani. A tuna abin da uwar gida take sharewa a lokacin: tokar murhu, ƙaiƙayi, kashin kaji da na tumaki, ganyen da aka ƙunso daddawa a ciki, fasasshiyar ƙwarya, tsohuwar tabarmar kaba, tsumman auduga. In ka cire tsingaro, babu abin da ƙasa ba za ta cinye ba cikin damina ɗaya ko biyu. Shi ya sa kakanninmu ba su wahalar da kansu wajen tantance juji ba. Juji taki ne, magana ta ƙare.

Al'adar tana nan, sai dai tifa ta karɓi aikin jaki. Mai lambu ko manomi ya biya direba, a juye masa lodin bola a bakin gona. Ganin yadda buhun takin zamani ya yi tsada, ba mai ganin laifinsa. To amma bolar yau ba jujin jiya ba ce, kuma a nan gizo ke saƙar.

A je a tsaya a kan irin wannan tsibi bayan iskar hunturu ta kaɗa. Abin da ido zai fara gani leda ce: baƙa, fara, ta ruwan sha, ta taliya, ta omo, ga kunzugun yara na zamani, ga robar lemo. Leda ba ta ruɓewa. Rana ce take gasa ta, ta yi ta marmashewa har ta koma ƙanana-ƙananan ɓarɓashi da ba mai iya tsincewa, su gauraye da ƙasa su zauna. Wadda ta nutse kuma sai ta zama shinge a ƙarƙashin ƙasa, saiwa ta zo ta tarar da ita ta lanƙwashe, ruwa ya zo ya kwanta a kanta. Mai lambu ya ga fangali ɗaya yana yin rawaya alhali na kusa da shi yana kore shar, ya ɗora laifin a kan iri ko tsutsa. Wadda ta rage a sama kuwa rabon dabbobi ce. A tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbin akuyar birni. Dabba tana ci tana ramewa, mai ita yana ta sayen magani, ashe ƙullin leda ne ya cushe mata ciki.

Duk da haka leda ita ce mai sauƙin, don aƙalla ana ganinta. Abin tsoron shi ne wanda ba ya nuna kansa. A cikin lodi guda za a iya samun matattun baturan tocila da rediyo, fasasshen ƙwan lantarki irin mai tsimin wuta wanda akwai zaiba a cikinsa, gwangwanin fenti, tarkacen waya, ragowar batirin mota ko na sola wanda dalma ce fal a ciki. Waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa, ba sa ƙonewa, ruwan sama ba ya wanke su su tafi. Wasu, irin kadmiyam, tsiro yana zuƙarsu ta saiwa, kuma kayan ganye irin su alayyafo da latas sun fi saurin tara su. Dalma kuma tana manne wa ƙurar da ke hawa kan ganye da jikin karas, da hannun yaron da ke wasa a gefen fangali.

Mu a Arewa mun riga mun ga abin da dalma take yi idan ta shiga ƙasa. A 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara wajen 400 suka rasu saboda gubar dalma da ta fito daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Ba bola ce ta jawo wancan ba, kuma ƙarfin gubar ya ninka abin da za a samu a lambu nesa ba kusa ba. Darasin da ya shafe mu shi ne yadda aka yi maganin abin: sai da aka kankare saman ƙasar gidajen, aka kwashe, aka zubo sabuwa. Wane mai lambu ne zai iya kankare gonarsa? Ga shi kuma dalma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba tare da ya kwanta ciwo ba.

Sai allurai da fasassun kwalabe, waɗanda ke jiran ƙafar mai ban ruwa da ke tafiya ba takalmi. Wasu kuma dabararsu ita ce su cinna wa tsibin wuta, wai leda ta ƙone a samu toka. Wannan gyaran gangar auzinawa ne. Hayaƙin roba guba ne ga mai shaƙa, tokar da ta rage kuma ta tattara yawancin ƙarafan nan wuri guda, sannan an ƙone ainihin abin da ƙasa take buƙata, wato ganye da kara da kashin dabba.

Ba zan wuce ban taɓo ruwa ba, ko da a gurguje. Lambunan da ke bin gaɓar Jakara da rafin Getsi, da na wajejen Challawa, da yawansu da ruwan da ya ratso kwatoci da masana'antu ake ba su ruwa, ciki har da na gidajen jima da ke aiki da sinadarin kuromiyam. Wannan ya fi ƙarfin mai lambu shi kaɗai, aikin hukuma ne. Mai saye dai ya wanke ganyensa sosai da ruwa mai tsabta, ya kuma san cewa wanki da dafuwa suna maganin ƙwayoyin cuta ne, ba sa fitar da ƙarfen da ya riga ya shiga jikin ganye.

To mece ce mafita, a daina kai shara gona? A'a. Yin haka asara biyu ce: birni ya cushe, gona ta yi yunwa. Mafi yawan abin da gidan Bahaushe yake zubarwa har gobe mai ruɓewa ne ko ƙasa da toka. Gyaran yana bakin ƙofar gida, tun ran gini tun ran zane. Da zarar ɓawon doya ya haɗu da batir da kunzugu a mazubi ɗaya, aka bar su kwana uku a rana, rarrabe su ya zama azaba. Amma a hannun wadda take fere doyar, ba wani aiki ba ne: bokiti ɗaya na abin da ƙasa za ta ci, buhu ɗaya na leda da roba da gwangwani, sai wani ɗan gwangwani mai murfi can sama inda yara ba sa kaiwa, na matattun batura da ƙwan lantarki. Roba da ƙarfe da alminiyam dama suna da masu saye, 'yan jari-bola na zagayawa kullum.

A nan ne lambun haɗin gwiwa yake da amfani fiye da yadda ake zato, ko na ƙungiyar mata ne, ko na makaranta, ko na matasan unguwa a wani kangon fili. Gida ɗaya ba ya tara abin da zai cika ramin taki, amma gida ashirin suna tarawa cikin mako. Kuma tunda waɗanda suka kawo sharar su ne za su ci ganyen, ba wadda za ta jefa batir a ciki.

Haɗa takin kansa ba karatun boko yake buƙata ba, sai kula. A sami inuwa, a haƙa rami ko a yi tsibi mai faɗi da tsayi kamar mita ɗaya. In ya gaza haka ba ya riƙe zafi. A fara shimfiɗa kara ko ƙirare a ƙasa don iska ta samu hanya. Daga nan a riƙa jerawa hawa-hawa: busasshe, irin su ganyen da ya zubo, ɓawon gyaɗa, ɓuntun shinkafa, sararren kara, sai ɗanye, irin su ɓawon kayan miya, ruɓaɓɓen tumatir, ciyawa, kashin kaji ko na awaki. Busasshe ya ninka ɗanye sau biyu ko uku. A barbaɗa toka kaɗan, ba da yawa ba, a yayyafa ruwa. Ma'aunin ruwan a hannu yake: ka damƙi takin ka matse, ya dunƙule amma kada ruwa ya tsiyayo. A rufe da tsohon buhu ko ciyawa, a soka sanda a tsakiya. Bayan kwana uku ko huɗu a zaro sandar a taɓa. In ta yi zafi, aiki ya kankama, domin tsibi mai kyau yana haura digiri 55, zafin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. In ta yi sanyi, ko ruwa ya yi kaɗan ko ɗanyen ya gaza. In kuwa wari ya tashi kamar na masai, ruwa ya yi yawa, a juya a ƙara busasshe. A riƙa juyawa duk mako biyu, na gefe ya koma tsakiya. A yanayin zafi irin namu, wata biyu zuwa uku ya isa ya koma baƙi, mai laushi, mai ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka.

Nama, kitse, kashin kare ko na mage, da tsiron da cuta ta kashe, kada su shiga ramin. Ɗanyen kashin kaji kuma kada a zuba shi kai tsaye a gindin latas ko kabeji: yana ƙone saiwa, yana kuma ɗauke da cututtukan da ke sa gudawa, ga shi latas ɗanye ake ci. Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne cakuɗa toka da takin yuriya. Toka tana sa sinadarin da aka saya da tsada ya tashi ya bi iska.

Kayan haɗi ba su da wuya ga wanda ya buɗe ido. Wanda ya taɓa shiga Kasuwar Yankaba ko 'Yan Lemo da yamma ya ga tulin ganyen kabeji da ruɓaɓɓen lemo da kankana da ake rasa yadda za a yi da su. Injinan casar shinkafa a Kura da makamantanta suna tara ɓuntu har wani lokaci a cinna masa wuta. Wannan shara ce mai tsabta, daga wuri ɗaya ta fito, an san abin da ke cikinta. Ta fi lodin tifa goma da ba a san daga wane lungu aka kwaso su ba.

Ita ma ledar akwai inda za ta yi rana kafin a rabu da ita. Ledar ruwan sha, in aka yanke bakinta aka huda gindinta, ta zama mazubin renon zogale ko tumatir, a dai tattara ta bayan dashe kada a bar ta a fili. Tsohon buhun shinkafa da aka cika da ƙasa da taki yana ɗaukar alayyafo da yakuwa a tsakar gidan da ba fili. Amma akwai abu ɗaya da ba a sake amfani da shi ko ta wane hali: jarka ko kwalbar maganin feshi. Sau nawa muke ganin an ɗauraye ta an zuba ruwan sha, ko man ja, ko fura? Roba tana shan maganin, wanki ba ya fitar da shi duka. Ƙa'idar ita ce a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan ɗaurayar a cikin tankin feshi, sannan a huda ta yadda ba mai sha'awar ɗauka.

Jamhuriyar Nijar ta yi dokar hana leda tun 2014, amma wanda ya je Maraɗi ko Zinder ya san har yanzu tana lilo a kan bishiyoyi. Doka ba ta shiga madafa. Don haka kiran nawa ga iyayenmu mata ne da ke riƙe da tsintsiya, da masu unguwanni da za su iya ba da ɗan fili a haƙa rami, da masu lambu. Malam mai lambu, kafin a juye maka lodi na gaba, hau motar ka tona da manjagara, ka tambayi direba daga ina ya kwaso. In ka ga batir, ko allura, ko auduga mai jini, ka ce ya wuce da kayansa, ko da kyauta ya kawo maka.