Da tsohon awartaki ake ƙera sabo

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera gab da faɗuwar damina, a Karofi ko a Kurfi, ya san yadda wurin ke cika. Wannan ya kawo fartanya a koɗa masa, wancan garmarsa ce ta tsage, yaro na kan zuga-zugi, gawayi ya yi jajir. Sai dai ba kowa ke lura da awartakin da maƙeri ke riƙe jan ƙarfe da shi ba. Shi ma a wannan wutar aka haife shi. Ranar da bakinsa ya saki, da shi ɗin dai maƙeri zai damƙi ƙarfen da zai zama magajinsa.

Wannan hoton nake so ɗalibanmu masu koyon kwamfuta su riƙe, musamman na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011. Babbar manhaja tarin fayiloli ce, wani lokaci dubbai, kuma akwai manhajojin da aikinsu shi ne harhaɗa su bisa tsari. Dattijuwa a cikinsu ita ce Make, wadda Stuart Feldman ya rubuta a 1976 a Bell Labs da ke Amurka. Dabararta irin ta maƙeri ce: in ƙota ce ta karye, ba ya mayar da ruwan fartanya wuta. Make takan duba lokacin da aka taɓa kowane fayil, ta sake gina wanda ya sauya da duk abin da ya dogara da shi, ta ƙyale sauran.

Ta hanya biyu ake samun irin wannan kayan aiki. Kana iya sauke wanda aka riga aka gina, kamar mai sayen fartanya a kasuwar Dutsin-Ma: ka biya, ka saɓa, ka wuce gona. Mafi yawan lokuta hakan ya wadatar. Amma wata rana aikinka zai nemi sabon samfuri, wanda ke rumbun Ubuntu ko Debian kuwa ya kwana biyu. Ranar ce za ka ɗauko ɗanyen rubutun manhajar ka hura wutarka.

Maƙeri ba ya jefa ƙarfe a wuta sai ya juya shi ya tabbatar ba rubabbe ba ne. Kai ma ka gwada lambar SHA-256 ta abin da ka sauke da wadda masu manhajar suka wallafa. Sannan matakai uku. Umarnin configure shi ne duba maƙera: akwai gawayi, akwai masaba, uwar maƙera na zaune daram? In wani abu ya ɓace, nan zai faɗa maka, kuma ya kamata ka karanta abin da ya faɗa. Umarnin make shi ne dukan ƙarfen. Shi ke cin lokaci da batir, don haka kada ka fara sai kana da caji. Na ukun, make install, shi ne rataye sabon kayan a inda hannu zai kai.

To, da me ake gina mai gini? Amsar tana maƙera. CMake, wadda kamfanin Kitware ya fito da ita a 2000, tana zuwa da ɗan rubutu mai suna bootstrap da ke fara ƙera ƙaramar CMake, ita kuma ta shirya ginin cikakkiyar. GCC, mai juya rubutun ɗan Adam zuwa yaren na'ura, ta fi haka tsantseni. Tsohuwar da ke kan kwamfutarka ce ke gina ta farko, ta farko ta gina ta biyu, ta biyu ta gina ta uku, sannan a auna ta biyu da ta uku a ga ko sun zo daidai. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

A nan ne gaggawa ke kayar da mutane. Wani da ya ga sabuwa ta hau, sai ya goge tsohuwa, ko ya danne ta a mazauninta, alhali sauran manhajojin na'urar da ita suka saba. Ba haka maƙeri ke yi ba. Ka ajiye sabuwar a /usr/local ko a cikin jakarka ta gida, ka bar ta tsarin inda take. Ka yi make check inda akwai shi. Ka tambayi lambar samfurin, don ka san wacce ce ke amsawa idan ka kira. Ka kuma rubuta abin da ka yi a takarda, domin wata shida nan gaba ba za ka tuna ba.

In ka sake bi ta maƙera, ka dubi gefen uwar maƙera. Za ka ga tsohon awartaki, baƙi ƙirin, a ajiye kusa da sabon. Ba ya barin wurin sai sabon ya riƙe jan ƙarfe damina guda bai saki ba.