Mawaƙan da suka bar waƙa suka koma gona

Duk wanda ya bi ta Galmi, ko Tsibiri, ko wata unguwa ta Maradi ranar Lahadi da safe, ya kan ji waƙa tana tashi daga majami'ar Kirista. Mata suna buga tulu, suna kaɗa caki. Ɗaya tana bayarwa, saura suna amsawa. Abin nan ba da ka ake yin shi ba. Akwai shugaba, akwai ranar koyo, kuma kowane rukuni da lokacinsa: mata, matasa, yara.

Wannan tsari ya daɗe ƙwarai. Labarinsa yana cikin Littafi Mai Tsarki na Kirista, wanda aka buga cikakkensa da Hausa a 1932.

Littafin ya ce sarki Dauda, mai Zabura, wanda ya yi sarauta a birnin Ƙudus wajen shekara 3000 da suka wuce, shi ya tsara aikin. Ba shi ya gina babban ɗakin ibada ba, ɗansa Sulemanu ya gina. Amma tun ba a aza tubali ba, Dauda ya keɓe mutum 4000 daga zuriyar Lawi don yabon Allah da kayan kiɗa. Cikinsu gwanaye 288 ne. Shugabanninsu uku: Asaf, Heman da Yedutun. Kayansu garaya, molo da kuge.

An raba gwanayen nan kashi 24, kowane kashi mutum 12. To, wa zai fara, wa zai bi? Nan ne gardama ta kan tashi, ko wurin rabon ruwa a fadama. Sai aka jefa ƙuri'a. Babba da yaro, malami da almajiri, duk ƙuri'a guda ta hau kansu. Babu mai cewa an fi son wane.

Sai dai mawaƙi ma da ciki gare shi. Zuriyar Lawi ba ta samu rabon ƙasa kamar sauran kabilu ba. Abincinsu yana fitowa daga ushirin da manoma ke kawowa, wato ɗaya cikin goma na amfanin gona. Ana tara shi a ɗakunan ajiya, ana ba kowa rabonsa.

Bayan Dauda da shekara fiye da 500, abin ya lalace. Lokacin nan wani mai suna Nehemiya ne gwamna a Ƙudus, ƙarƙashin sarkin Farisa. Ya yi tafiya wurin sarki. Kafin ya komo, limamin da ke riƙe da ɗakunan ajiya ya ɗauki babban ɗaki, inda ake zuba hatsi da mai da turare, ya ba wani abokin hulɗarsa mai suna Tobiya. Rabon mawaƙa ya yanke. Su kuwa ba su tsaya jiran gawon shanu ba. Kowa ya ajiye molo, ya nufi gonarsa. Wa zai ga laifinsu? Mai iyali ba ya ciyar da ƴaƴa da waƙa.

Da Nehemiya ya komo ya ga haka, ransa ya ɓaci. Ya watsar da kayan Tobiya waje, ya sa aka tsarkake ɗakin. Bai tuhumi mawaƙa ba. Manyan gari ya tara ya yi wa faɗa, don su suka bar ɗakin Allah ba mai kula. Sa'an nan ya kirawo mawaƙa daga gonaki, ya maida kowa wurin aikinsa. Jama'a suka sake kawo ushirin hatsi, da ruwan inabi, da mai.

Wannan karo bai bar ajiya hannun mutum guda ba. Ya naɗa mutum huɗu waɗanda aka shaida amanarsu: limami ɗaya, magatakarda ɗaya, Balawe ɗaya, da mataimaki. Su ke karɓa, su ke auna wa ƴan uwansu rabo.