Rajistar Masu Zaɓe a Hannun Na'ura Mai Hira: Faɗakarwa ga Jama'ar Dingyaɗi da Kewaye

A zaɓen gwamnan Jihar Sakkwato na shekarar 2019, bayan da aka ayyana cewa zaɓen bai kammala ba aka sake kaɗa ƙuri'a a wasu rumfuna ranar 23 ga Maris, tazarar da ta raba Aminu Waziri Tambuwal da Ahmed Aliyu ba ta wuce ƙuri'a 342 ba, alhali kowannensu ya tashi da ƙuri'a sama da 511,000. A 2023 ma kujerar sanatan Sakkwato ta Kudu, yankin da ya haɗa da ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari, sai da aka kai ga zaɓen cike gurbi na 15 ga Afrilu kafin a san mai ita. Inda tazara ke zama siririya haka, rumfa guda a mazaɓar Dingyaɗi/Badawa na iya juya sakamakon jiha baki ɗaya, shi ya sa ɗan takara ba ya wadatuwa da ganin cikar fili ranar gangami, so yake ya san masu zaɓe ɗaya bayan ɗaya, da sunansu da rumfarsu da abin da ke damunsu.

Sabon makamin da ya sauƙaƙa wannan buƙata shi ne manhajar hira mai ƙirƙirarriyar basira, wato shirin kwamfuta da aka horar da ɗimbin rubuce-rubuce har ya iya fahimtar tambaya cikin magana ta yau da kullum ya kuma mayar da amsa kamar mutum. ChatGPT, wadda kamfanin OpenAI ya fitar a Nuwamban 2022, ita ce ta fi suna, amma tun Afrilun 2024 akwai Meta AI a cikin WhatsApp ɗin 'yan Najeriya. Manhajar ba ta zuwa da rajistar masu zaɓe a cikinta, sai an ɗora mata. Da zarar an ɗora kuwa, jami'in kamfe da bai taɓa karanta ilimin ƙididdiga ba yana iya tambayarta mata nawa ne 'yan ƙasa da shekara 30 a wata rumfa ta Sifawa, ko waɗanne rumfuna ne jam'iyyarsa ta faɗi da ƙasa da ƙuri'a 50, ta ba shi amsa kafin shayinsa ya huce. A Amurka kamfanoni irin su NGP VAN da i360 sun daɗe suna tsara wa jam'iyyu irin waɗannan bayanai, sai dai aikin na buƙatar ƙwararru da kuɗi masu kauri, yanzu kuwa wayar hannu da data sun isa.

Kashi biyu na bayanan da ake ɗora mata ba sirri ba ne. Na farko rajistar Hukumar Zaɓe ta INEC, wadda a 2023 ta ƙunshi mutum 93,469,008, fiye da miliyan biyu daga cikinsu a Jihar Sakkwato, ɗauke da suna da hoto da jinsi da shekaru da lambar katin zaɓe. Dokar Zaɓe ta 2022 ta wajabta kafe ta don jama'a su duba, ta kuma yarda a ba jam'iyya ko wani mutum kwafi idan ya biya kuɗin da aka yanka. A Nuwamban 2022 hukumar ta ɗora ta a intanet, a Janairun 2023 kuma ta miƙa ta ga jam'iyyu 18. Na biyu sakamakon kowace rumfa, wanda ake rubutawa a takardar EC8A a ɗauki hotonta a ɗora a shafin IReV inda kowa ke iya gani. Ɗan takarar da ya yi nazarin waɗannan don ya san inda zai kai ziyara bai yi laifi ba, hasali ma hakan na iya taimakon ƙaramin ɗan takara da ba shi da kuɗin ɗaukar masana.

Haɗarin yana cikin kashi na uku, wanda jama'a ke bayarwa da hannunsu. Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato sai takardun rubuta suna su yawaita: yau ta takin zamani, gobe ta shinkafar azumi, jibi ta jarin mata. Yaro ne zai zauna a kan tabarma a ƙofar gidan wani jigo da littafi mai layi-layi ya ja masa gidaje da biro, gidan suna, gidan lambar waya, gidan rumfa, gidan lambar katin zaɓe, wani lokaci har da lambar asusun banki da ta katin ɗan ƙasa, matan da ba sa fita kuma a aiko da katunansu a ƙulle cikin leda. A da irin wannan littafi a aljihun motar shugaban mazaɓa yake ƙarewa har bangonsa ya yage. Yanzu hoton shafukansa ake ɗauka, manhajar ta karanta rubutun hannun ta mayar da shi jadawali, sannan ta gwama shi da rajistar INEC da sakamakon rumfa, ta yadda daga ƙarshe za a samu jeri guda da ke nuna wanda ya karɓi taki, da rumfar da yake zaɓe, da jam'iyyar da ta ci wannan rumfa, da lambar da za a kira shi.

A nan ne ya wajaba mai zaɓe ya riƙe abu guda da kyau: babu wata na'ura da ta san wanda ya dangwala wa. Takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da sunansa, na'urar BVAS kuma, wadda ke tantance mutum da zanen yatsa ko da fuska, abin da take adanawa shi ne cewa ya zo an tantance shi, ba abin da ya yi a bayan labule ba. Saboda haka duk wanda ya buga wa wata baiwar Allah waya ya ce kwamfuta ta nuna ta ci shinkafarsu ta zaɓi wasu, barazana ce kawai da aka gina a kan zato. Sai dai zaton ma yana cutarwa, domin a ƙauyen da rumfarsa ɗaya ce, sakamakon rumfar shi ne hukuncin da za a yanke wa ƙauyen, kuma manhajar da aka ce ta jero garuruwan da suka juya baya za ta jero su ba tare da ta tambayi me za a yi da jerin ba, ko rijiyar burtsatse ce za a kai wani wuri ko suna ne za a cire daga tallafi. Lambar katin zaɓe ita kaɗai ba ta isa wani ya yi zaɓe a madadin mai ita ba. Idan kuwa katin ne kansa aka karɓe, amfaninsa shi ne hana mai shi fitowa. Gabanin zaɓen 2023 an kama wani mutum da katuna 101 a Sabon Birni, kotu ta ɗaure shi shekara guda, domin dokar ta 2022 ta haramta saye da sayar da kati da kuma riƙe na wani ba bisa ƙa'ida ba.

Su kansu masu kamfe suna da abin tsoro, domin manhajar na yin kuskure cikin murya mai cike da tabbaci. A ƙasar Sakkwato, inda Bello da Shehu da Abubakar da Usman suka cika kowace unguwa, jama'a da yawa kuma ke ɗaukar sunan garinsu a matsayin sunan ƙarshe, rumfa guda na iya ƙunsar mutane da dama masu suna iri ɗaya sak. Wanda rajista ta sani da Muhammadu, littafin tallafi ya rubuta shi Mamman, dattawa da yawa kuwa an cike musu ranar haihuwa da 1 ga Janairu. Manhajar za ta haɗe mutum biyu su zama ɗaya ko ta raba ɗaya gida biyu, inda ta kasa karanta lamba kuma tana iya ƙirƙiro wata ta cike gurbin ba tare da ta faɗa ba.

Abu na gaba bayan sanin mutum shi ne saƙon da za a tura masa. A 2018 jaridun Guardian da Observer na Ingila sun fallasa yadda aka ɗauko kamfanin Cambridge Analytica a zaɓen Najeriya na 2015 don yaƙar Muhammadu Buhari, har da yaɗa bidiyo mai tayar da hankali da nufin firgita masu zaɓe. Abin da ya ci maƙudan kuɗi a wancan lokaci yanzu ya zama aikin dare guda, domin manhaja na iya tsara wa manomi saƙo, ta tsara wa ɗan kabu-kabu wani, ta yi wa kowa alkawarin da ɗayan bai ji ba. A Janairun 2024 an kira mutanen jihar New Hampshire ta Amurka da muryar Shugaba Joe Biden ta bogi ana ce musu kada su fita zaɓen fidda gwani. A yankin da saƙon murya ya fi rubutu tasiri, muryar malami ko basarake da ta iso ta WhatsApp ana jajibirin zaɓe tana cewa an ɗage rana ko an canza rumfa na buƙatar a tabbatar da ita a ofishin INEC na ƙaramar hukuma kafin a tura wa kowa.

Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ta sanya ra'ayin siyasa da addini da ƙabila da zanen yatsa cikin bayanai masu tsananin kariya, ta ba mutum 'yancin sanin dalilin karɓar bayanansa, da janye amincewarsa, da neman a goge su, da kai ƙara ga hukumar kare bayanai ta NDPC, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da su ƙasar waje, wanda shi ne ainihin abin da ke faruwa idan aka ɗora littafin unguwa a manhajar da rumbunta ke Amurka. Bayanin da aka karɓa da sunan rabon taki ba ya halatta a karkatar da shi zuwa kamfe ba da yardar mai shi ba. Tallafin gwamnati na iya buƙatar lambar ɗan ƙasa ko ta banki, amma babu hujjar neman lambar katin zaɓe a rabon shinkafa, kuma hakimai da masu unguwanni, waɗanda da inuwarsu ake tara jama'a, su ne suka fi cancantar tambayar wa zai riƙe littafin da kuma inda za a kai shi. Wanda saƙonnin tes suka dama yana iya tura kalmar STOP zuwa lambar 2442 da hukumar sadarwa ta NCC ta tanada, ko da yake wannan bai shafi WhatsApp ba, can sai mutum ya toshe lambar da kansa.